Ɗaurin Murfi Ba Shaidar Tsabta Ba Ne

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a tashoshin mota da wuraren biki, wadda jin ta ya ishe ni, wato idan aka miƙa wa mutum gorar zoɓo ko ta kunun aya, ya taɓa murfin ya ji shi gam, sai ya ce ai a rufe take, ba komai, ya kafa kai. Alhali kuwa wannan gora, wataƙila jiya a bola ta kwana, ko a ƙarƙashin gadon wani majiyyaci a asibiti, kafin masu tsince-tsince su kai ta inda ake sayen tsofaffin robobi.

Asalin wannan gafala shi ne mutane sun saba da amincin murfin masana'anta, sai suka ɗora shi a kan kowane murfi. A manyan masana'antun lemo da ruwan gora, irin waɗanda ke Challawa da Sharaɗa a Kano, murafe na zuwa ne dubbai a cikin kwali, a juye su gaba ɗaya cikin wani babban mazubi, daga nan wani bel mai matakala ya riƙa kwasarsu yana hawa da su a karkace, ta yadda duk wanda ya hau a kife nauyinsa zai rinjaye shi ya faɗo, wanda ya hau daidai kuwa ya wuce cikin siririn kwararo, a bi shi da iska a kaɗe ƙura, har ya isa ga kan injin da zai cafke shi ya murɗa a bakin gora da ƙarfin da aka ƙayyade, ba ƙari ba ragi. Gorar da murfinta ya zauna a karkace, na'ura ce ke ture ta gefe. Hikimar wannan tsari duka guda ce: kada hannun ɗan Adam ya taɓa cikin murfin.

Zoben nan da ke ƙasan murfi, wanda ke tsinkewa da ƙara a buɗewar farko, shi ma da dalili aka yi shi. Irin waɗannan alamomi sun yawaita ne bayan abin da ya auku a Chicago ta Amurka a 1982, inda wani azzalumi ya zuba guba cikin kwalaben maganin Tylenol, mutum 7 suka halaka.

To, ina wannan, ina gorar da aka ɗauraye a baho guda da ruwan da ya riga ya wanke ɗari kafinta? Masu kare al'adar suna cewa an wanke ta da omo. Ko da an wanke cikin gorar, su kuwa lungunan murfin da zaren bakinta, inda yawun wanda ya fara sha yake maƙalewa, soso ba ya isa gare su. Suna cewa ba wari, ba ɗaci. Haƙiƙa malaman fiƙihu sun yi hukunci da tsarkin ruwa matuƙar launinsa ko ɗanɗanonsa ko ƙanshinsa bai jirkita ba, amma wannan mas'ala ce ta ibada. Ƙwayar cutar taifot da ta kwalara ba su da launi ba su da wari, ruwa na iya halatta ga alwala ya kwantar da mai shansa. Har ma zoben da kansa bai zama hujja yankakkiya ba, domin ma'abota algus suna sayen sababbin murafe su ɗaura da hannu. Talauci da tsadar sabuwar roba suna da nasu kaso a cikin wannan, ban musa ba.

Saboda haka mai sayen ruwan gora ya duba zobe tun kafin ya biya, ya buɗe da hannunsa, ya ji ƙarar tsinkewarsa. In murfi ya taso tare da zobensa, ko ya juya babu turjiya, ya mayar. Ya duba lambar hukumar NAFDAC da ranar ƙarewar wa'adi, ya ɗaga gorar ga haske ko zai ga gurɓata. In ya gama sha, ya murƙushe gorar, ya jefar da murfin daban, domin gora lafiyayya mai murfi ita ce jarin mai ha'inci. Iyayenmu mata masu sana'ar zoɓo da lamurje kuwa, wajibi ne su san amana ce a wuyansu: su haɗa kuɗi su sari sababbin robobi da murafensu, su ƙara ɗan abin da ya sawwaƙa a kan farashi, su dafa ruwan da za su yi haɗi da shi, su wanke hannu da sabulu kafin ɗuri, su ajiye murafen cikin leda a ɗaure har lokacin da za a rufe. Wadda ba ta da halin haka, ta sayar a kofi ga mai zuwa da mazubinsa daga gida.