Tarihin Ƙungiyar Beatles a Bidiyo

Beatles ƙungiya ce ta mawaƙa huɗu daga birnin Libaful na ƙasar Ingila. Su ne John Lennon da Paul McCartney da George Harrison da Ringo Starr. Kiɗansu na jita da ganga, wanda ake kira rok, ya karaɗe duniya kafin su rabu a 1970.

A 1995 aka nuna tarihinsu a talabijin da sunan The Beatles Anthology. Shirin ya fito a kaset takwas na bidiyo a 1996, sannan a faifan DVD biyar a 2003.

Hausawa sun ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Mawaƙan da makusantansu ne suke ba da labarin, babu wani mai sharhi. Da yake an kashe Lennon a 1980, sai aka yi amfani da tsofaffin hirarrakinsa. Daga bakinsu ake jin ɗaya daga cikin dalilan daina yawon wasansu a 1966: ihun 'yan kallo yakan danne kiɗan, har su kansu ba sa jin abin da suke rerawa.

Sai dai wani lokaci maganganunsu sukan saɓa. Alal misali, game da ganawarsu da mawaƙin Amurka Elvis Presley a 1965, kowa da abin da ya tuna. Masu shirin sun bar saɓanin yadda yake, domin mai kallo ya kwatanta ya yanke hukunci da kansa.

Tambayoyi
1. Su wane ne suke ba da labari a shirin?
2. Me ya sa aka bar saɓanin da ke cikin maganganunsu?