RUWAN SAMA DA ITATUWA: DAGA GAYA ZUWA BILMA

Ƙasar Nijar tana da faɗin murabba'in kilomita 1.267.000, amma wajen kashi biyu bisa uku na wannan fili hamada ne. Matafiyin da ya tashi daga Gaya ya nufi arewa zai ga itatuwa suna gajarta, suna nisa da juna, ganyensu yana ƙanƙancewa, har ya kai inda babu kome sai rairayi. Babban dalilin wannan bambanci shi ne ruwan sama.

Iska biyu ke mulkin shekara. Ta hunturu tana busowa daga arewa maso gabas, busasshiya ce. Ta damana tana tasowa daga teku, kudu maso yamma, ɗauke da hadari. Ita ce ke isa Gaya tun watan Mayu, amma ba ta kai Agadas sosai sai Yuli ko Agusta, ta kuma juya da wuri. Saboda haka kudu ke samun damanar wata biyar, arewa kuwa wata biyu ko ƙasa da haka.

Ƙasar kaɗanya da ɗorawa

A wajen Gaya ana samun kimanin milimita 800 a shekara. Nan ne manyan itatuwa masu faɗin ganye suke: kaɗanya, ɗorawa, maɗaci, kuka da tsamiya. Giginya ta cika Dallol Mawri, gamba kuma takan fi mutum tsawo. Gandun dajin W, wanda aka kafa a 1954, yana cikin wannan yanki.

Ƙasar gawo da hatsi

Daga Yamai zuwa Maraɗi, Tawa da Damagaram, ruwa yana tsakanin milimita 350 da 600. Nan ne mafi yawan jama'a suke, nan ne kuma ake noman hatsi, dawa, wake da gyaɗa. Sabara, kalgo, geza, magarya da aduwa su ne suka fi yawa, goriba kuma ta bi Gulbin Kaba inda ruwan ƙasa yake kusa.

Sarkin itatuwan wannan yanki shi ne gawo, domin al'adarsa dabam take. Da damana, sa'ad da sauran itatuwa ke tohuwa, shi sai ya zubar da ganye. Inuwarsa ba ta danne shuka, ganyen da ya zube kuma ya zama taki. Da rani sai ya yi kore, bisashe su taru ƙarƙashinsa suna cin ƴaƴansa suna barin kashi. Shi ya sa hatsin gindin gawo ya fi na fili kyau. Ana ba da labari cewa sarakunan Damagaram na dā sun hana saransa, da horo mai tsanani.

Ƙasar ƙaya da ciyawa

Gaba da nan ruwa ba ya isar hatsi. Itatuwan da ke jurewa su ne masu ƙaya da ƙananan ganye, irin su kandili da ɗakwara, domin ƙaramin ganye ba ya zubar da ruwan jikin icce, saiwarsu kuma tana nitsawa nesa. Ciyawa irin ƙarangiya tana da tata dabara: da ruwan farko ta tsiro, cikin ƴan makonni ta yi ƴaƴa ta bushe, irinta ya kwanta cikin ƙasa yana jiran baɗi. Wannan ita ce ƙasar makiyaya, kuma dokar 1961 ta ja iyakar noma ta arewa domin a bar musu ita.

Hamada da duwatsu

Agadas ba ta cika wuce milimita 150 ba, Bilma kuwa ko 20 ba ta samu. Duk da haka dabino yana yi a Kawar, domin da ruwan ƙasa yake rayuwa. Duwatsun Ayar, da suka kai mita 2.000 a Bagazam, sun fi sanyi, ƙoramunsu kuma suna tara ruwa; shi ya sa ake samun lemu da rumman a Timiya, da albasa a Tabelot. A tsakiyar Tenere akwai wani icce guda da ayari ke yin alama da shi. Wani kamyo ya kaɓe shi a 1973, aka kai gangarsa gidan kayan tarihi na Yamai.

Iyakokin suna motsi

Waɗannan yankuna ba su tsaya wuri guda ba. Farin 1968 zuwa 1974 da na 1984 sun sa layin ruwan sama ya ja kudu da wajen kilomita 100. Itatuwa masu son ruwa suka mutu a wurare da yawa, tumfafiya ta maye gurbinsu, mutane suka koma cin anza. Gonaki kuma suna ta hawa arewa cikin makiyaya, abin da ke haddasa rigima tsakanin manoma da makiyaya. Tun shekarun 1990 ruwa ya ɗan dawo, amma ba bisa ƙa'ida ba: wata shekara fari, wata ambaliya.

Jama'a ba su naɗe hannu ba. Daga 1975 aka shuka layukan bedi a kwarin Majiya domin tare iska. Bayan 1984 manoman jahar Maraɗi suka soma barin tohon kututture a gona, suna rage rassa suna rainon mai ƙarfi. Wannan hanya ta bazu har Damagaram, kuma masu bincike sun ƙiyasta cewa ta maido da itatuwa wajen miliyan 200 a kan hekta miliyan 5.

Nasarar ta samu ne domin itatuwan da aka raina ƴan ƙasa ne, sun saba da ruwan wurin. Don haka ya kamata ma'aikatan gandun daji, hakimai da manoma su dubi ruwan yankinsu kafin su zaɓi irin da za a dasa ran 3 ga Agusta. Kaɗanyar da aka kai Tanut wahala ce kurum. Aduwa da magarya su ne za su rayu can, in an kare su daga awaki har su yi ƙarfi.