Zuga-zugin Injin Mota: Ƙarin Gudu da Raguwar Kwana

A watan Yuni na shekarar 1930 aka yi shahararren tseren motocin nan na awa 24 a garin Le Mans da ke ƙasar Faransa. Daga cikin motocin da suka shiga akwai ƙirar kamfanin Bentley na Ingila iri biyu. Iri na farko yana da babban inji mai lita 6.5 wanda ke shaƙar iska da kansa. Na biyu kuwa injinsa lita 4.5 ne, amma an ɗaura masa wata na'ura mai ɗura masa iska da ƙarfi, wadda ake kira sufacaja. Direba Tim Birkin, wanda ya dage a kan ɗaura wannan na'ura, shi ya fi kowa saurin kewaya filin a tseren. Duk da haka, motoci biyun da ke da sufacaja ba wadda ta ga ƙarshen tseren, domin injinansu sun lalace bayan sun shafe kimanin awa 20 suna gudu. Masu shaƙar iska da kansu su suka zo na ɗaya da na biyu.

Wanda ya ƙera injin tun asali, wato W. O. Bentley, dama bai yarda da ɗaura na'urar ba. Dalilansa na kimiyya ne, kuma har yau suna nan daram.

Yadda Na'urar Ke Aiki

Duk wanda ya taɓa tsayawa a maƙera ya ga yadda zuga-zugi ke sa garwashi ya yi jajir. Aikin sufacaja ke nan. Hasali ma, nau'in da aka ɗaura wa Bentley ya samo asali ne daga wata na'ura da 'yan'uwan nan biyu, Philander da Francis Roots na Amurka, suka yi wa rajista a 1860, wadda aka riƙa hura wutar narka ƙarfe da ita.

Injin fetur yana buƙatar iska kimanin giram 14.7 domin ƙona giram 1 na mai. Saboda haka ƙarfin inji ya danganta ne da yawan iskar da ta shiga silinda. Injin da ke shaƙa da kansa ba ya samun fiye da abin da nauyin iskar duniya ya tura masa. Sufacaja kuwa, wadda injin da kansa yake juyawa, takan danna iskar ciki, a ƙara mata mai, sai ƙarfi ya ƙaru. Ta haka injin Bentley ya tashi daga ƙarfin doki 110 zuwa kimanin 240 a motocin tsere.

Inda Gizo Ke Saƙa

Matsala ta farko ita ce zafi. Idan aka matse iska takan ɗumama, kamar yadda famfon keke ke yin zafi a hannun mai bugawa. Lissafi ya nuna cewa ƙara rabin nauyin iskar duniya kawai yakan ɗaga zafinta da digiri 37 a ma'aunin Salshiyas, ko da na'urar ba ta da wani aibu, a zahiri kuwa yakan wuce haka. Wannan iska mai zafi ita fistan zai sake matsewa. Injin fetur na zamani mai shaƙa da kansa yakan matse ta kamar sau 10 ko 11, alhali injinan da aka ƙera domin ɗurin iska an daɗe ana rage musu zuwa sau 8 ko 9.

Idan zafi da matsi suka yi yawa, ragowar man da ke gefen silinda yakan fashe da kansa kafin harshen wutar da filogi ya kunna ya iso gare shi. Maimakon turi mai laushi, sai fistan ya sha duka kamar na guduma, a ji inji yana ƙwanƙwasa. Wannan duka shi ke farfasa gefen fistan inda ringi ke zama, ya ƙona gaskit, ya kuma daddaɓe mital ɗin karanshaf. Fistan da alminiyam ake yin sa, wanda ke narkewa a wajen digiri 660, kuma tun kafin nan yake fara laushi. In aka yi rashin sa'a famfon mai bai kai abin da ƙarin iskar ke buƙata ba, zafin yakan tsananta har ya huda kan fistan.

Matsala ta biyu ba ta da ƙara, a hankali take cin inji. Ƙarfe yana gajiya, kamar wayar da ake ta lanƙwasawa har ta katse. Injin da ke juyawa sau 6,000 a minti, kowane fistan nasa yana karɓar fashewa 50 a daƙiƙa ɗaya. Ƙarin nauyi kaɗan a kan kowace fashewa yana iya rage kwanan kwanrod ƙwarai. Abin da ya sa ke nan mota takan yi lafiya lau a gwajin minti biyar, ta mutu a doguwar tafiya.

Abin da Injiniyoyi Ke Yi

Kamfanonin da ke sayar da motoci masu ɗurin iska sukan shirya injin tun daga tushe. Sukan sa fistan da kwanrod masu ƙwari, da na'urar sanyaya iska kafin ta shiga silinda, da babban lagireto, da kwamfutar da ke sauraron ƙwanƙwasa ta jinkirta tartsatsin filogi nan take. Injin da ba a yi masa wannan tanadi ba yana iya jure ɗan ƙarin iska, muddin yana da lafiya, an daidaita man da yake sha, kuma fetur ɗin mai jure matsi ne.

A ƙasar Hausa, inda zafin bazara kan haura digiri 40, kuma yawancin motoci 'yan kwatano ne da suka riga suka ci dogon zango, ratar da ke tsakanin lafiyar inji da lalacewarsa ƙarama ce tun kafin a ƙara masa komai. Duk injiniya yakan bar wa injinsa rarar ƙarfi domin ranar zafi, ko gurɓataccen mai, ko hawan tudu da kaya. Wanda ya ɗaura sufacaja ba tare da ƙarfafa sauran sassa ba, daga wannan ajiya yake ci, kuma ranar da bukatarta ta taso sai ya tarar babu.