Shirin Musamman: Mazan Jiya da ke Bencin Baya

(KIƊAN BUƊE SHIRI)

Yau shirin namu na dattawa ne, waɗanda suka ga yaƙin basasar Najeriya da idonsu, suke kuma zaune tare da mu har yanzu a majami'u da tsakar gidajenmu.

A ranar 30 ga Mayu 1967 Odumegwu Ojukwu ya ayyana ƙasar Biyafara. Ranar 6 ga Yuli aka fara harbe-harbe, ba a kuma ajiye makamai ba sai 15 ga Janairu 1970, lokacin da Philip Effiong ya miƙa wuya a barikin Dodan da ke Legas. Wata 30 ke nan. Ƙiyasi da dama na cewa rayuka miliyan ɗaya ko fiye suka salwanta, akasarinsu yara da mata da yunwa ta kashe a yankin da aka yi wa ƙawanya. Kafin yaƙin ma, a 1966, an yi juyin mulki har sau biyu, an kuma kashe dubban 'yan ƙabilar Ibo a garuruwan Arewa. Duk mai son gaskiya ba zai tsallake ko ɗaya daga cikin waɗannan ba.

Samari da yawa daga Filato, Binuwai, kudancin Kaduna da Adamawa sun shiga soja a lokacin. Cikinsu har da 'yan ƙungiyar mawaƙa da 'yan ajin baftisma. Shugaban ƙasar na wancan lokaci kansa, Janar Yakubu Gowon, ɗan mai wa'azin bishara ne da ya tashi a Wusasa kusa da Zariya. A ɗaya ɓangaren kuma masu bi ne irinmu. Safiyar Lahadi ɗaya, ɓangarori biyu suna durƙusa wa Allah ɗaya, kowa na roƙon a kāre nasa. Wannan shi ne nauyin da dattawanmu suka ɗauko suka dawo da shi gida.

Kawuna yana cikinsu. Mun taso mun san abu biyu game da shi. Na farko, ba ya kai loma baki sai ya tabbatar kowane yaro a gidan ya ci. In aka ajiye masa tuwo, sai ya ce, "Ku fara ba yara." Na biyu, in Kirsimeti ta zo yara suna fasa abin wasan wuta, yakan shige ɗaki ya ja ƙofa. Sai da tsufa ya kama shi sosai ya buɗe baki. Ya ce sun taɓa kwana a wata majami'a da rufinta ya zube, a ƙasar Ibo, ya tsinci littafin waƙoƙi a ƙarƙashin benci. Bai iya karanta harshen ba, amma ya gane na sujada ne, irin wanda yake riƙewa a gida. Ya ce mini, "Ɗana, tun daga daren nan ban ƙara yin addu'ar nasara ba. Addu'ata ita ce a gama."

(KIƊA A HANKALI)

Da aka gama ɗin, Gowon ya ce babu wanda ya ci, babu wanda aka ci, ya kuma yi shelar sulhu da sake gina ƙasa da farfaɗo da jama'a. A 1973 aka kafa shirin yi wa ƙasa hidima, domin matasa su san juna. Gwamnati ta yi nata, amma akwai ɗaurin da doka ba ta kwancewa. Mutum yana iya cire kaki ya koma gona, ya yi aure, ya aurar da 'ya'ya, alhali zuciyarsa na nan ɗaure da abin da ya gani ko abin da hannunsa ya aikata. 'Yancin da Almasihu ya yi mana alkawari ya kai har can ciki: 'yanci daga ƙiyayya, daga ramuwa, daga zargin kai. Sai dai ba a samunsa a ɓoye. Yana zuwa ne ta hanyar furtawa, da tuba, da gafara, cikin jama'ar da ke da haƙurin saurare.

A nan ne ikilisiya ke da aiki. Wanda ya shiga soja yana ɗan shekara 18 a 1967, yau ya haura 75. Idonsa ya yi rauni, gwiwa ta ƙi, abokan da za su fahimce shi sun tafi ɗaya bayan ɗaya. Haka ma gwaurayen da suka yi renon marayu su kaɗai, waɗanda Zumuntar Mata ta riƙa tallafa musu da hatsi da addu'a. Zabura ta 71 addu'ar tsoho ce mai tsoron a yashe shi sa'ad da ƙarfinsa ya ƙare. Mu ne ya kamata Allah ya amsa wannan addu'a ta hannunmu.

Kowace 15 ga Janairu ana ajiye furanni a Abuja domin tunawa da 'yan mazan jiya. Hakan ya yi kyau, amma furanni ba sa sayen magani, ba sa kuma hira. Matasanmu da ke kiran yaƙi a Facebook cikin zafin rai, da za su zauna gaban ɗaya daga cikin tsofaffin nan, da sun ji dalilin da ya sa aka ce zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki.

Saboda haka roƙona gare ku a makon nan: in akwai irin wannan dattijo a gidanku ko a ikilisiyarku, ku je ku gaishe shi. Kada ku matsa masa da tambaya. In ya yi magana, ku saurara, ku rubuta abin da ya yarda a rubuta domin jikoki. Fastoci da dattawan ikilisiya, ku sa su cikin jerin waɗanda ake kai wa ziyara da Jibin Ubangiji. Ku kuma yi addu'a tare da su domin iyalan waɗanda suka mutu a ɓangarorin biyu.

Nan muka kawo ƙarshen shirinmu na yau. Allah ya ba ƙasarmu salama, ya sa dattawanmu su gama da duniya lafiya. Sai mako mai zuwa, in Ubangiji ya kai mu.

(KIƊAN RUFE SHIRI)