Ƙidayar motoci: yadda ake auna hanya tun ba a shimfiɗa ta ba

Duk mai bin hanyar Maraɗi zuwa Ɗan Isa da Jibiya, ba mamaki ya taɓa ganin wasu ma'aikata a bakin kwalta, takarda a hannu, suna rubuta duk motar da ta wuce. Ba ƴan duwan ba ne, ƙidayar motoci suke yi. Da wannan ƙidaya injiniyoyi ke hasashen yawan motocin da za su bi hanya cikin shekara 20 masu zuwa, kana su yanke faɗinta da kaurin kwaltarta.

A Amurka, jihohi irin su Michigan da Ohio suna zuba hanyoyin jiha baki ɗaya cikin kwamfuta, su raba ƙasar yanki-yanki, tare da yawan jama'a da sana'o'insu. Tushen lissafin mun san shi a kasuwa: babban gari yana jan matafiya, nisa kuwa yana rage su. Shi ya sa hatsi da dabbobi ke kai da kawowa tsakanin Kano da Maraɗi.

Sai dai a nan wajenmu akwai abin da kwamfuta ba ta hange. A watan Agustan 2019 Najeriya ta rufe iyakokinta, sai Disamban 2020 ta buɗe. Bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 aka sake rufewa, har zuwa Maris na 2024. Duk lokacin da haka ta faru, kwalta kan yi tsit, kaya su koma hanyoyin daji. Haka nan idan ƙidaya ta tsallake ranar kasuwa ko lokacin kaka, hanyarmu za ta fito a takarda tamkar ba mai bin ta.

Sannan ba yawan motoci kaɗai ake dubawa ba, har da nauyinsu. Gwajin da aka yi a jihar Ilinoi tsakanin 1958 da 1960 ya nuna cewa idan aka ninka nauyin da ke kan ƙafafun mota sau biyu, ɓarnar da take wa hanya kan ninka kusan sau 16. Ƙungiyar UEMOA ma ta kafa dokar iyakance lodi a 2005.

Saboda haka muna kira ga ƙungiyoyin ƴan kasuwa da na direbobi su nemi a yi ƙidaya a ranakun kasuwa. Mu kuma mu rage lodin wuce kima, domin ramin da tirela ta haƙa, kayanmu ne za su kwana a cikinsa.