Zanen Dala Biyar: Yadda Ake Duba Zanen 'Yan Dagaji a Shagon Gwanjo

Duk wanda ya taɓa shiga shagon Goodwill ko na Salvation Army a Amurka, ko shagunan Oxfam na Ingila, ya san kusurwar nan ta can ƙurya, bayan an wuce layin riguna da tarin kofuna da tsofaffin fitilu. A nan ake jingine zane-zane cikin firam, ɗaya a bayan ɗaya kamar faranti a kwando. Akwai dutse mai ƙanƙara a kai, akwai tulun furanni, akwai wani kare da ya fi kama da tunkiya, akwai fuskar wata tsohuwa da ba wanda ya san ko kakar wa ce. Yawancin shagunan nan kyauta ake kawo musu kaya, su sayar da araha, kuɗin ya tafi aikin jinƙai. Zanen da wani ya yi wata uku yana fama da shi, sai ka gan shi da takardar dala biyar a manne.

Ɗalibanmu da ma'aikatanmu da ke can a irin waɗannan shaguna suke fara haɗa kayan ɗaki, kuma kwantenonin kayan gwanjo da ke sauka a Legas da Kwatano kan zo da irin firam ɗin nan a tsakanin tukwane da labule. To yanzu wata sabuwa ta ɓullo. Labaran intanet sun sa mutane na ɗaga kowane tsohon zane da tunanin ko shi ne tikitin arziki. Wannan tunani shi ne abu na farko da ke makantar da mai saye.

Labaran ba ƙarya ba ne, sai dai rabinsu ake faɗa. A 2017 wata mata ta je neman tsohon firam a shagon Savers da ke Manchester ta jihar New Hampshire, ta sayi wani zane dala 4. Ya yi shekaru a gidanta kafin ta ɗora hotonsa a Facebook a 2023, masana suka gane aikin N.C. Wyeth ne, wanda ya zana don wani bugun littafin Ramona na 1939. A watan Satumba na shekarar aka buga masa ƙararrawa a gidan gwanjon Bonhams Skinner a kan dala 191,000. Nan labarin ke tsayawa a bakin masu yaɗa shi. Abin da ba su cika ƙarasawa ba shi ne wanda ya taya bai biya ba, sai daga baya aka nemo wani mai sayen. (Abin dariya, a Hausa da shagon tsofaffin kaya da zauren da attajirai ke ɗaga hannu duk gwanjo ne, amma tsakaninsu akwai tafiya.)

Na Teri Horton ya fi ban tausayi. Tsohuwar direbar babbar mota ce a Kalifoniya. A farkon shekarun 1990 ta sayi wani ƙaton zane mai yayyafin fenti dala 5 a San Bernardino don ta tsokani ƙawarta, zanen ma ya ƙi shiga ƙofar gidan ƙawar. Wani malamin zane ya ce mata ai wannan kamar aikin shahararren mai zane Jackson Pollock. Daga nan ta kama hanya. An kawo mai binciken hoton yatsa, ya ce ya samu shaida. Manyan masana, ciki har da Thomas Hoving da ya taɓa shugabantar gidan adana zane na Metropolitan a New York, suka ce sam. An yi fim a kanta a 2006. An ba da rahoton ta ƙi tayin dala miliyan 9 don tana ganin zanen ya fi haka. Ta rasu a 2019, kasuwar zane ba ta amince da shi ba. Kama da wane ba ta wane.

Akwai kuma ƙaramin zanen Renoir da wata ta ce ta same shi cikin kwalin tarkace na dala 7 a wata kasuwar tsofaffin kaya a West Virginia. Ana shirin gwanjonsa a 2012 sai aka gano an sace shi ne daga gidan adana zane na Baltimore tun 1951. A 2014 kotu ta mayar wa gidan kayansa. Mu kan ce tsintuwa ba sata ba, amma alƙalin can bai karanta wannan karin maganar ba.

Saboda haka a raba tambaya biyu da mutane ke cakuɗawa. Ɗaya ita ce, zai yi kuɗi? Amsar kusan kullum a'a ce, kuma ranar da ta zama e, takardu da tarihin hannun da zane ya bi da shaidar masana ne ke yanke hukunci, ba idonka ba. Ta biyu ita ce, yana da kyau? Wannan kam taka ce, kuma ana koyonta. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima.

Kafin a kai ga kyau, a tabbatar zane ne ma tukuna. Da yawan abin da ke cikin firam ɗin nan bugun inji ne. Ka karkata shi ga haske, ka kalli fuskarsa ta gefe. Fentin hannu yana da tudu da kwari, kuma tudun yana bin siffar abin da aka zana: inda ganye ya lanƙwasa, nan sawun burushi ya lanƙwasa. Masu bugu sun san da haka, don haka sukan shafa wani ruwa mai kauri a kan hoton ya bushe kamar sawun burushi, sai dai sawun nasu ba ruwansa da hoton da ke ƙarƙashi, yana ratsa sama da bishiya da rufin gida duk a tafi ɗaya. In kana da gilashin ƙara girma, ko ka zuƙo da kyamarar waya, bugun inji kan nuna ƙananan ɗigo-ɗigo a jere kamar na hoton jarida.

Sai mataki na biyu, wanda ya fi ruɗi: zanen hannu ne, amma na masana'anta. A ƙauyen Dafen da ke Shenzhen a ƙasar Sin, tun 1989 aka kafa sana'ar zane da fentin mai a kan tsarin layi, wani ya yi sama, wani ya yi bishiyoyi, wani ya sa hannu da sunan da ba na kowa ba. Irin wannan zane yana da santsi, hannun ya ƙware, titin Faris ne cikin ruwan sama ko jirgin ruwa a faɗuwar rana. Ba abin da za ka kama a ce kuskure ne, kuma ba abin da zai tsayar da kai. In ka ga irinsa uku a shago ɗaya, ka san labari. Haka nan zanen cike-gurbi da aka fara sayarwa a Amurka a farkon shekarun 1950, inda allo ke zuwa da gurabe masu lamba, kowace lamba da launinta: za ka gane shi da yankunan launi masu kaifin iyaka kamar taswira. Sai kuma almajiran Bob Ross, mai shirin koyar da zane a talabijin daga 1983 zuwa 1994, wanda ke gama zane cikin ƙasa da rabin awa. Dutsen ƙanƙara, tafki, bukkar katako, bishiyoyi masu tsini: rabin kusurwar shagon nasu ne. Ban raina su ba, sun ji daɗin yammacinsu. Amma talabijin suka kalla, ba dutse ba.

Nan ne ainihin ma'aunin, a ganina. Tambayar da nake yi wa zanen ɗan dagaji ita ce: mai zanen nan ya kalli abin da yake zanawa kuwa, ko abin da ya haddace ya sauke? Wanda ya haddace, bishiyarsa kore ce, samansa shuɗi, inuwarsa baƙa, kowane ido da siffar ƙwayar dabino. Wanda ya kalla, sai ka ga ya sa ɗan ja-ja a inuwar farin bango don ya ga hakan da idonsa, ko ya zana wayar lantarki da ta ratsa gaban gidan duk da ta ɓata kyan hoton, ko ya bar kujera ɗaya a karkace don haka take a ɗakin. Waɗannan abubuwa ba a ƙirƙiro su da ka. Mutum ne ya zauna a wani wuri takamaimai, a wata sa'a, ya ƙi yi wa idonsa ƙarya. Ko da hannunsa na rawa, wannan zanen yana da rai, kuma ya fi min na masana'anta sau goma.

Akwai dabaru kaɗan da masu koyar da zane ke amfani da su, kuma ba sa buƙatar digiri. Ka ja da baya taku huɗu ko biyar, ka ƙanƙance ido har ƙananan abubuwa su ɓace. Abin da ya rage shi ne tsarin haske da duhu. Zane mai ƙarfi yana tsayawa a haka, ka ga manyan siffofi biyu ko uku da suka riƙe shi. Mai rauni sai ya narke ya zama toka. Ɗaukar hotonsa da waya a mayar da shi baƙi da fari yana yin aiki iri ɗaya. Ka kuma juya shi kai ƙasa. Da zarar ƙwaƙwalwa ta daina cewa ga gida ga doki, sai ido ya ga ko nauyin zanen ya rinjaya gefe guda. Sannan ka nemi inda haske ke fitowa: in inuwar bishiya ta yi gabas ta mutum ta yi yamma, rana biyu ke nan a sama ɗaya.

Launi ma yana tona asiri. Mai koyo da ya yi ta cakuɗa fenti a kan ɗanyen fenti yakan ƙare da wani launi kamar ruwan kwata, ba kore ba, ba ƙasa-ƙasa ba. Kishiyarsa shi ne wanda ya matso fenti daga bututu ya shafa yadda yake, kowane launi na ihu. Ka duba kusurwoyi huɗu kuma, don a nan gajiya ke bayyana. Da yawa kan zuba ƙarfinsu a fuska, su bar bango da ƙasa kamar an kira su cin abinci. Hannuwa ma haka: in an ɓoye su a aljihu ko a bayan furanni, mai zanen ya san inda ƙarfinsa ya tsaya.

Amma kada a mayar da wannan jarrabawar makaranta. Kuskure a ma'auni ba ya kashe zane. Anna Mary Robertson Moses, wadda duniya ta sani da Grandma Moses, matar manomi ce da ta kama zane gadan-gadan tana dab da shekara tamanin, bayan ciwon gaɓɓai ya hana ta ɗinkin ado. A 1938 wani mai tara zane, Louis Caldor, ya ga ayyukanta a tagar wani kantin magani a Hoosick Falls ta jihar New York. Mutanenta ƙanana ne kamar 'yar tsana, nisa da kusa ba su bi ƙa'ida ba, amma ta san ranar wanki da ranar dafa ruwan bishiyar sukari a gona, ta san yadda ƙauye ke kwanciya cikin ƙanƙara. Ta rasu a 1961 tana da shekara 101. Mai zane Jim Shaw na Los Angeles kuwa ya shafe shekaru yana tara zanen shagunan gwanjo, ya fitar da littafinsu a 1990, ya baje su a New York a 1991, kuma ba mafi tsabtar aiki yake ɗauka ba, waɗanda suka fi ban mamaki yake nema.

Har gidan adana munanan zane akwai a yankin Boston. Ya samo asali ne daga wani zanen tsohuwa a filin furanni da dillalin tsofaffin kaya Scott Wilson ya tsamo daga shara a 1993 don yana son firam ɗin, abokinsa Jerry Reilly ya ce shi zanen yake so. Abin lura shi ne ba kowane mummunan zane suke karɓa ba. Ba sa son na masana'anta, ba sa son na yara, ba sa son wanda aka ɓata da gangan. Dole a ga mai zanen da gaske yake, kuma kada zanen ya gunduri mai kallo. Wato ko a wajen muni, gaskiyar niyya ake aunawa.

Sa hannu kuwa, shi ne na ƙarshe da za ka duba, ba na farko ba. Rubuta sunan shahararre a kusurwa ya fi komai sauƙi. Bayan zanen ya fi gabansa faɗin gaskiya. Ƙyallen zanen da ya tsufa yana yin duhu, katakon ma haka. Ƙananan ƙusoshi a gefe sun fi nuna tsufa, fil ɗin inji kuwa sai wajen tsakiyar ƙarni na 20 ya zama ruwan dare. In bayan fari fat ne amma gaban na iƙirarin shekara ɗari, akwai magana. Ka sansana shi: warin rima alamar fumfuna ce, kuma tana yaɗuwa. Ka duba lungunan firam saboda kuɗin cizo da ƙwarin katako, kada ka sayo wa gidanka baƙi da dala biyar. Fentin da ke ɓamɓarewa kuma gyaransa ya ninka kuɗin zanen sau da yawa. A nan kam araha ba ta ado.

Wanda ba ya rataye hoton mai rai a ɗakinsa bai rasa zaɓi ba, don furanni da gonaki da tituna da teku su suka fi yawa a tarin.

In ka kai shi gida, kada ka sa masa ruwa ko sabulu ko kananzir. Busasshen burushi mai laushi ya isa ya share ƙura. Kada ka kankare shi ko ka goge da takardar yashi, don tsohon farin fenti kan ƙunshi dalma, ƙurarta guba ce, musamman ga yara. Zanen fentin ruwa ba ya jure rana, yana koɗewa, a nema masa bangon da haske ba ya duka kai tsaye, nesa da hayaƙin girki. Duk wata takarda ko rubutu da ke bayansa a bar shi yadda yake, ko da za a canja firam. Sau da yawa a nan za ka tarar da shekara, da sunan wani tafki ko wani titi, da layi ɗaya da fensir cewa an yi shi ne don wata 'ya ko wani jika, waɗanda wataƙila su ne suka kwaso kayan gidan suka kawo shagon bayan an yi jana'iza.