Fatalwa Mai Neman Shari'a a Finafinan Ƙasar Sin

A kan titin Chaoyangmen da ke birnin Beijin akwai wani tsohon bene na jan bulo mai lamba 81, wanda aka gina bisa fasalin Turawa a farkon ƙarni na 20. Shekara da shekaru gidan nan yana kango. Mutanen unguwa suna cewa wai matar wani hafsan soja ce ta rataye kanta a ciki a 1949, bayan mijinta ya gudu zuwa tsibirin Taiwan ya bar ta, kuma wai ana jin kukanta da dare. Ba a taɓa samun shaidar da ta tabbatar da labarin ba. Duk da haka, da aka yi fim a kan gidan a 2014, jama'a suka yi ta tururuwa zuwa silima, matasa kuwa suka riƙa zuwa leƙen kangon har sai da aka rufe ƙofarsa.

Waɗanda suka saba kallon finafinan Sinawa a gidajen silima na Kano da Kaduna sun fi sanin na dambe da takobi. To, akwai kuma na ban tsoro, masu dogon tarihi, kuma fatalwar cikinsu galibi wadda aka zalunta ce, ta dawo neman hakkin da aka hana ta tana da rai.

Tushen abin yana wurin wani malami mai suna Pu Songling, mutumin lardin Shandong, wanda ya rayu daga 1640 zuwa 1715. A zamaninsa ba a samun aikin gwamnati sai an ci jarrabawar sarki. Ya ci ta farko yana saurayi, amma ta gaba ta gagare shi, ya yi ta zama yana faɗuwa har tsufa ya cim masa yana koyarwa a gidan masu hali. A cikin wannan ɓacin rai ya tara labaru kusan 500 na fatalwowi da dilolin da ke rikiɗa su zama 'yan mata, aka buga su a 1766 da sunan Liaozhai. Sau da yawa gwarzon labarin ɗalibi ne matalauci da dare ya riska a wani kufai, azzalumai kuwa su ne alƙalai masu cin hanci da masu duba jarrabawa marasa adalci. Abin da ba shi da damar faɗa da bakinsa, sai ya sa a bakin matattu.

Masu shirya fim sun gaji wannan dabara. Fim ɗin da ake ɗauka shi ne na farko a wannan fanni, watau "Waƙar Tsakar Dare", Ma-Xu Weibang ne ya shirya shi a Shangai a 1937. Labarin wani mawaƙi ne ɗan gwagwarmaya, wanda wani mai ƙarfi a gari ya sa aka watsa masa ruwan guba a fuska, sa'an nan ya ɓuya a wani rusasshen gidan wasa, mutane suna tsammani fatalwa ce.

Bayan 'yan gurguzu sun karɓi mulki a 1949, sai aka ɗauki zancen fatalwa a matsayin camfin zamanin jahilci, har a 1963 aka hana wasannin kwaikwayo masu ɗauke da shi. Saboda haka sana'ar ta koma Hongkong, wadda ke hannun Ingila har zuwa 1997. A can ne kamfanin Shaw Brothers ya fitar da labarin Nie Xiaoqian na Pu Songling a 1960, aka kuma sake shirya shi a 1987 tare da Leslie Cheung da Joey Wong. Wani talaka mai karɓar bashi ne ya rasa masauki, ya kwana a kangon ɗakin ibada, ya faɗa son wata yarinya. Ashe matacciya ce, wadda wata aljanar bishiya ta bautar domin ta riƙa yaudarar matafiya, kuma ba za ta sami 'yanci ba sai an tono ragowarta an mai da ita garinsu an binne.

Wannan batu na komawa gida shi ne kuma asalin gawa mai tsalle, wadda Sinawa ke kira jiangshi. A al'adarsu babban abin baƙin ciki ne a binne mutum nesa da kakanninsa. A yammacin lardin Hunan ana ba da labarin bokayen da ake biya su koro gawarwaki da dare zuwa garuruwansu, suna kaɗa ƙararrawa domin mutane su kauce. Wani fim da Ricky Lau ya shirya a 1985 ya yaɗa siffar nan a duniya: gawa sanye da rigar ma'aikatan daular Qing, hannuwa a miƙe, tana tsalle domin gaɓoɓinta sun sandare. Lam Ching-ying ya fito a malamin addinin Tao, mai tsai da ita da laya ta rawayar takarda a goshi da ɗanyar shinkafa mai danƙo. Wanda ya ɗauke numfashinsa, gawar ba ta gane inda yake. Dalilin tashinta kuwa shi ne an binne mamacin ba bisa ƙa'ida ba, a filin da aka karɓe daga mai shi da ƙarfi.

A babban yankin Sin har yanzu hukuma tana sa ido, domin dokar finafinai da ta fara aiki a 2017 ta hana yaɗa camfi. Tun kafin wannan dokar ma, masu shirya fim suna neman hanyar zagaye. Ko dai a mai da fatalwar aljana irin ta tatsuniya, kamar yadda aka yi wa "Fentin Fata" na 2008, ko kuma a ƙarshe a nuna mafarki ne ko taɓin hankali. Fim ɗin gida mai lamba 81 ma haka ya ƙare: matar da ke ganin fatalwowi ashe magani ake ɗirka mata a ɓoye. Amma kafin a kai nan, mai kallo ya riga ya ga abin da aka yi wa matan gidan a zamanin da, har da ɗaura wa mai rai aure da mamaci.

A Taiwan, inda babu irin wannan takunkumi, an fi fitowa fili. A 2019 John Hsu ya shirya fim a kan wata makarantar sakandare ta 1962, lokacin dokar soja da ta ɗore daga 1949 zuwa 1987. Malamai da ɗalibai suna karanta haramtattun littattafai a asirce, wata ɗaliba ta tona musu asiri, aka kama su, aka kashe waɗansu. Fatalwarta ce ke yawo a azuzuwa domin ta ƙi yarda ta tuna abin da ta aikata.

Duk wanda ya zauna kallon irin finafinan nan, ya kamata ya tambayi kansa wane ne aka binne a gidan, wa ya kashe shi, kuma me ya sa ba a yi shari'a ba. Galibi amsar tana cikin tarihin ƙasar, a shekarun da mutane suka daɗe suna tsoron ambata. Shi kuwa benen titin Chaoyangmen, tuni aka gyara shi, amma mutanen Beijin ba su daina ba da labarin matar hafsan ba.